Ɗakin da Aka Ce Ya Rufta

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Bawku wanda har lokacin ban taɓa kwana a cikinsa ba. A Salaga aka haife mu, ni da yayana, a can muka tashi, a can kuma aka binne tsohon. Gidan na Bawku ya saye shi ne tun zamanin da yake fataucin goro, don ya sami inda zai sauke kaya ya huta kafin ya wuce ƙasar Mosi. Da goro ya daina tafiya yadda ya saba, sai ya koma doya da hatsi kamar sauran mutanenmu, ya zuba 'yan haya a gidan, ya bar shi a hannun wani abokin tafiyarsa da muke kira Kawu. Ba mu haɗa jini da shi ba. Mun dai buɗe ido mun ji ana ce masa Kawu, muka bi.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne abin da zan faɗa ya faru. Lokacin ina aure a Yendi, ina sayar da gero da masara a kasuwa. Ba a raba gidan ba, don haka Kawu kan aiko da kuɗin haya wurin yayana ta hannun wani direba, sau ɗaya a shekara. Kuɗin bai taɓa zuwa shi kaɗai ba, sai da rakiyar labari mara daɗi. Bana iska ta yaye kwano. Bana gara ta ci azara. Bana ɗaki guda ya rufta, babu mai iya zama a ciki. Labari na ƙaruwa, kuɗi na raguwa. Na sha ce wa yayana abin nan da sake, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: mutumin da ya taso tun daga Bawku ya yi wa gawar ubanmu wanka ba za mu tsaya bincikarsa ba.

Wata shekara bayan an haƙe doya, yayana ya aiko a kira ni. Na bi motar Bimbila na isa Salaga da la'asar, na same shi a ƙofar gida a kan benci yana kallon ana loda doya a motar da za ta Kumasi. Sai da muka gaisa, aka kawo sakwara muka ci, sannan ya ɗauko maganar.

"Uwar 'yan biyu, na yi tunani a kan gidan Bawku. Kuɗin hayar da ke hannuna ban taɓa su ba. Kin san yadda kuɗinmu na sidi ya koma. Abin da ya sayi buhun siminti bara, bana sai an yi ciniki kafin ya sayi rabi. Gara mu zuba su a gidan kafin su zama takardar banza."

Na ce wannan magana ce. Na tambaye shi me za a gyara.

"Gaba," in ji shi. "A yi wa bangon gaba yaɓen siminti, a shafa fenti, a sa ƙofar ƙarfe a zaure. Gida ya yi daraja."

Kalmar nan ta daraja ita ta ɗaure mini kai. Yayana mutum ne da ko rigar sallah sai matarsa ta matsa masa yake ɗinkawa. Bangon da muke zaune a gindinsa, na gidan da aka haife mu, rabonsa da farar ƙasa tun ubanmu na da rai. Mutum irin wannan ya wayi gari da son fenti, a garin da shi kansa ba ya zuwa? Na dube shi. Ya mai da idonsa kan masu lodi, ya daka musu tsawa a kan doyar da ba su ma ƙuje ba.

"Yaya, ba kai ka ce mini ɗaki ya rufta ba? Ruwa na zuba a kan mutane, mu kuma muna shafa fenti?"

"Kuɗin ba za su yi duka ba. Abu ɗaya za su yi, in an matsa ɗaya da rabi. Rufi kuwa in kika fara shi ba kya gamawa."

"To bari in je in gani da idona."

Ya ce hanya ba kyau, ya ce 'yan biyu fa, ya ce mijina ba zai so ba. Na ce 'yan biyu sun shiga makaranta kuma kakarsu na nan, mijina kuwa a bar ni da shi. Da ya ga ba zan sauka ba, ya shiga ɗaka ya fito da ƙunshin a ɗaure cikin tsohon ɗankwali.

"Ki miƙa wa Kawu, ki faɗa masa abin da na ce, ki juyo. Kada ki tsaya sauraron 'yan haya, za su rikita ki."

Ban tafi Bawku a lokacin ba. Da rani kowane rufi lafiyarsa lau, ni kuwa ruwa nake so ya nuna mini gidan. Don kada kuɗin su narke a hannuna, na zuba su a gero na ajiye. Yayana ya yi ta aiko da saƙo, me nake jira, me nake jira. Yawan saƙon ma ya ƙara mini tsayawa. Sai da hadari ya fara haɗuwa, gero ya yi tsada, na sayar na ɗaure kuɗin a ƙugu na shiga mota.

Mijina kaɗai ya san ranar tafiyata. Muka bi ta Gushegu da Nalerigu, muka gangara dutsen Nakpanduri kowa yana salati, muka isa Bawku jikina duk ya mutu. Ina sauko da ƙafata daga mota na ga Kawu tsaye a tasha, riƙe da kekensa, da lema a hammata.

"Sannu da zuwa, 'yata. Sannu da hanya."

"Kawu, wa ya gaya maka ina tafe?"

Ya yi murmushi, haƙoransa jawur da goro. "'Yar gida ta shigo gari a ce ban ji ba?"

Dogo ne siriri, mai sanyin murya, ba ya taɓa yin magana da sauri. Ya ɗora jakata a kan keke ya nufi gidansa da ni, can wani gefen gari. Matarsa ta yanka mini zabo. Na ce ina so in sauka a gidan ubana, ya ce gidan can ba wurin kwanan 'yar mai gida ba ne, sauro, ƙazanta, hayaniyar yara. Na kwana a wurinsa saboda kunya. Washegari na ɗauki jakata da kaina na ce ya nuna mini hanya.

Gidan na tubali ne, an rufa shi da kwano. Zaure na kallon titi, ɗakuna jere biyu suna fuskantar juna, tsakar gida doguwa da darbejiya a tsakiya. A can ƙurya ta baya akwai bayan gida da wurin wanka, sai katanga mai 'yar ƙaramar ƙofa da ke fita wani lungu. Daura da ƙofar nan akwai ɗaki a kulle.

Ban gama shiga ba labari ya zaga cewa 'yar mai gida ta zo da kuɗin gyara. Ni dai ban faɗa wa kowa ba. Telan da ke ɗakin jikin zaure ya bar kekensa ya biyo ni, yana so a fasa masa ƙofa ta titi, wai in aka yi haka ɗakin zai zama shago, mu ma mu ƙaru. Matan gidan kowace ta ja ni ɗakinta ta nuna mini sama. Kawu ya bar su suka gama, sannan ya kai ni baya ya ɗora tafinsa a kan katanga.

"Ga ciwon gidan nan, 'yata. Kin ga tsagar nan? Wata rana za ta faɗo a kan wani. A rushe ta, a tayar da ta bulo, a faɗaɗa ƙofar a sa ta ƙarfe. Ɓarayi ta nan suke leƙowa. Wannan shi ne na farko, sauran duk su jira."

Har magini ya zo da shi. Duk abin da Kawu ya faɗa sai maginin ya gyaɗa kai ya maimaita ƙarshensa. Na dubi tsagar. Tana nan, ba ƙarya, amma katangar ta fi damtsena kauri, kuma a cikin tsagar gizo-gizo ya yi saƙa ya tsufa.

"In don ɓarayi ne, Kawu, me ya sa za a faɗaɗa ƙofar? Ba toshe ta ya kamata a yi ba?"

"Saboda masu kawo itace," in ji shi.

"Saboda itace," in ji magini.

Na nuna ɗakin da ke kulle. Kawu ya ce shi ne wanda ya rufta, azara ta karye, kunamu sun yi gida a ciki, ya kulle ne don kada yara su shiga. Na ce a buɗe in gani. Ya lalubi aljihunsa na dama, ya lalubi na hagu, ya ce makullin ya daɗe da ɓacewa.

Wata tsohuwa mai sayar da koko ce ta ba ni wurin kwana a ɗakinta. 'Yar ƙabilar Busanga ce, ta fi kowa daɗewa a gidan, ta san ubana. Hausarta irin ta zangon Bawku ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, kuma "ɗan mai gida" take ce mini. Ita ba ta ja ni ta nuna mini rufinta ba. Sai da kowa ya watse ta kama hannuna.

"Ɗan mai gida, zo ka gani salga."

Mu mutanen Salaga ba ma son jin kalmar nan, mun sha tsokana a kanta, bayan gida muke cewa. Amma na bi ta. Daɓen da ke kan ramin ya tsage gida biyu, gefe ɗaya ya nutse, an gitta katako ana takawa. Da na ɗora ƙafa ɗaya sai na ji ƙasan yana motsi. Na fito da sauri.

"Yara yana shiga nan kullum," in ji ta. "Na faɗa, na faɗa, ba wanda ya ji."

Kawu bai kai ni nan ba. Mun tsaya a jikin katanga, taku kaɗan daga wurin, bai ko juya kansa ba.

Ruwan da nake jira ya zo wata rana bayan azahar. Kowa ya gudu ɗaka, ni na kifa daro a kaina na fita tsakar gida. Matan suna leƙowa ta labule suna dariya. Na shiga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Jeren hagu ɗigo ne nan da can, daro ɗaya ya ishi ɗaki tarar ruwan. Jeren dama kuwa, inda masu yara suka fi yawa, ruwa ba ɗiga yake ba, bin bango yake yana gangarowa, ya jiƙa tubalin tun daga sama. An tattara tabarmi da katifu an jibge a tsakiya, yara na zaune a kai. Na fito na bi ruwan tsakar gida in ga inda yake zuwa. Ba shi da mafita. Kwatar da ya kamata ta fitar da shi lungu ta toshe tun ba yau ba, duk ruwan rufi biyu yana taruwa ne a ƙuryar baya yana shigewa ƙarƙashin daɓen bayan gida. Katangar Kawu ruwa ya dake ta ya gangare, ko ɓarɓashi bai faɗo ba.

Ina tsaye a wurin idona ya kai kan ɗakin da ke kulle. Ɗakin da rufinsa ya rufta, in ana ruwa irin wannan, ai dole ruwa ya cika shi ya fito ta ƙarƙashin ƙofa. Dokin ƙofar a bushe yake. Na taɓa kwaɗon, hannuna ya fito da mai. Na ja da baya har gindin darbejiya na ɗaga daro na dubi sama. Ta gefen tsakar gida an jera tsofaffin kwanoni masu tsatsa an danne da duwatsu, amma daga ƙarƙashinsu bakin sabon kwano na leƙowa, fari tas.

Da ruwa ya ɗauke na koma ɗakin tsohuwa ina matse zanena. Na tambaye ta me ke cikin ɗakin can. Ta ci gaba da tace gasararta kamar ba ta ji ba. Can ta ce:

"Ni ban ga komai. Amma ran kasuwa, kar ka je kasuwa. Ka zauna gida ka sha koko."

Ran kasuwa da safe Kawu ya zo gaishe ni kamar yadda ya saba. Na ce masa zan shiga kasuwa in ji farashin bulo da siminti, ba zan dawo ba sai la'asar. Ya ji daɗi, har ya kwatanta mini shagon da zan je. Na fita ta zaure yana kallo, na zaga ta wani layi, na tsaya a inuwar wani masallaci har na ga ya hau kekensa ya wuce, sannan na dawo na shige ɗakin tsohuwa na zauna a bayan labule.

Hantsi ya yi sosai, gidan ya yi shiru, kowa ya tafi nema. Sai na ji motsi a lungu. Ƙaramar ƙofar ta buɗe, Kawu ya shigo, ya duba dama da hagu. Bayansa maza biyu ne da kekuna, kowane keke an ɗaure masa kaya ya fi shi faɗi. Suka gwada shigo da na farko, kayan ya maƙale a ƙofa. Dole suka kwance a waje suka riƙa shigo da shi ɗauri ɗauri, ɗaya yana tsaki yana cewa ƙofar nan ta ishe shi. A nan na gane wane itace ne ake so a faɗaɗa wa ƙofa. Kawu ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli.

Na ɗaga labule na fito.

Mutanen biyu suka tsaya cak. Kawu ya dube ni, ya dubi ɗakin da na fito, bai ko girgiza ba.

"Ashe ba ki je kasuwar ba."

"Ban je ba. Na ga an sami makulli."

"Ya ɓace, an same shi. Shigo ki gani."

Ɗakin ya fi kowane ɗaki a gidan lafiya. Sabuwar azara, sabon kwano, daɓen siminti sumul. An jera katako a ƙasa, a kai an ɗora ɗaurin atamfa, da kwalayen sabulu da na batir har kusan rufi. Ban tambayi daga ina ba. Iyakar Togo ba ta da nisa, kuma wanda ya bi ta gaban kwastan da kayansa ba ya shigowa ta lungu.

Kawu ya sallami mutanen, ya jawo benci gindin darbejiya, ya ce in zauna.

"Ɗakin ya rufta da gaske, ban yi ƙarya ba. Na aika wa yayanki, bai aiko da ko ƙusa ba. Mutanen nan suka ce za su rufa da kuɗinsu, su ajiye kaya. Ɗan abin da suke ba ni, da shi nake sa a yi wa gidan yaɓe duk shekara. Da ba don haka ba, da kin zo kin tarar da kufai."

"Me ya hana ka faɗa mana?"

"Abin da ba ku sani ba, ba a tambayarku a kansa."

"In kwastan suka zo fa, Kawu? Gidan wa za su rufe? Sunan wa za a kira?"

Ya ɓare goro ya ci, ya miƙo mini rabi, na ce na gode. Ko gaskiya ne yana yaɓe da kuɗin, ban sani ba. Na ga wuraren da aka yaɓa, na kuma ga wuraren da hannu bai taɓa ba tun zamanin ubana.

"Tunda bincike ya kawo ki, 'yata," in ji shi a hankali, "in kin koma ki tambayi yayanki wa ya turo nan da rani. Wani mutumin kudu, da mota, da igiyar awo. Ya auna gaban gidan daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya tambaye ni ko 'yan haya za su yi gardama in aka ce su tashi. Ni na hana shi shiga ciki. Ki tambaye shi fentin na wa ne."

Na tambayi tela daga baya, ba tare da na ce Kawu ne ya gaya mini ba. Ya ce ƙwarai an yi haka, a kan idonsa, har mutumin ya roƙe shi ya riƙe masa bakin igiyar.

Na kwana biyu ban ce wa kowa komai ba. Duk wanda ya gaishe ni sai in ji kamar da wata manufa. Amma ina da abin da idona ya gani ranar ruwa, kuma wannan ba wanda ya nuna mini shi. Bayan gida zai iya haɗiye yaro gobe da safe. In an gyara shi ba a buɗe kwata ba, baɗi ma haka za a koma. Rufin dama in aka bar shi wata damina ko biyu, ba kwano za mu saya ba, bango za mu tayar. Fenti, da ƙofar tela, da katangar Kawu, ba wanda zai mutu in ba a yi su ba.

Ban ɗauki maginin Kawu ba. Na nemo wani ta hannun mai sayar da siminti, sannan na zauna ina zargin su biyun da haɗa baki. Buhunan siminti a ɗakin tsohuwa suka kwana, a gefen tabarmata, kuma ba a kwaɓa ko ɗaya ba sai ina zaune a kan kujera ina kallon yashin da ake zubawa. Aka haƙa sabon rami nesa da inda ruwa ke taruwa, aka cike tsohon, aka buɗe kwata aka ɗaure ta da siminti har lungu. Da aka zo rufi, kafinta ya hau ya sauko ya ce azarar duka ta mutu, sai an sake. Na ce ya ɗauki ƙusa ya soki kowace a gabana. Wadda ƙusa ta shige, a cire. Wadda ta ƙi, a bar ta. Ya yi ta gunaguni, amma fiye da rabi suka tsira.

Kuɗin suka ƙare daidai ƙarshen jeren dama. Tsofaffin kwanonin da aka sauke, masu ɗan dama aka toshe ɗigon jeren hagu da su, sauran aka kafa rumfa a jikin katanga don mata su riƙa girki in ana ruwa. Tela ya daina gaishe ni.

Masu kayan sun ce su suka rufa ɗakin, kuma gaskiyarsu ce. Na ce su zauna har kaka, a madadin kwanonsu, daga nan su kwashe. Kawu ban iya cire shi daga kan gidan ba, ba ni da bakin faɗa wa dattijo haka. Na dai ce in sun tashi, makullin ɗakin ya koma hannun tsohuwa, ita za ta nemo wanda zai shiga, mai iyali ko ma'aikaci. Kawu ya ce to. Ya raka ni tasha, ya yi mini addu'a doguwa, amma bai ɗora jakata a kekensa ba.

Na huta a Yendi sannan na wuce Salaga. Na zayyana wa yayana abin da aka yi. Da na gama ya ce:

"Fentin fa?"

"Mai igiyar awo ya saya da kuɗinsa."

Bai yi musu ba. Ya ce mutum ya taya, shi kuma ya saurara, sauraro ba sayarwa ba ne. Ya ce ya gaji da biyan motar wasu, yana so ya mallaki tasa, kuma da cinikin ya nuna da ya kira ni. Na ce da kafin awo ya kira ni, da mun yi magana. Yanzu kuwa rabona na gidan ba na sayarwa ba ne.

"To, an ji," in ji shi. Sai ya ɗan karkato. "Wa kika ce kin bar wa makulli?"

"Tsohuwa mai koko."

Ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya ce Kawu ya riga ni aiko da labari. Mijin 'yar tsohuwar nan shi ma sana'arsa ke nan, keke da kan iyaka. Ta daɗe tana nema masa ɗakin, Kawu ya hana. Ba tausayin yara ya sa ta kama hannuna ba.

Ban san wanda zan gaskata ba. Kawu na da dalilin ɓata ta, yayana na da dalilin jin daɗin labarin. Ramin dai na taka shi da ƙafata.

Da damina ta zagayo na sake zuwa Bawku, wannan karon ko mijina sai da na shirya jaka ya ji. Ba kowa a tasha. Na tarar da ɗakin nan a buɗe, wata ma'aikaciyar jinya ce a ciki, ta sa labule mai furanni. Jeren dama a bushe. Kwata na aiki. Sai dai rumfar girkin da na bari a buɗe ta ko'ina, yanzu an kewaye rabinta da katako, an sa mata ƙofa, da kwaɗo.

"Itace ne, ɗan mai gida," in ji tsohuwa. "Ɓarawon itace ya yi yawa."

Na ce ta buɗe. Ta shiga ɗaki neman makulli, ta daɗe. Da ta buɗe, itace ne kuwa, a jere, da buhun geron kokonta. A can baya akwai tamfol an lulluɓe wani abu. Na tsallake itacen na ɗaga. Buhuna ne wayam, an ninke su an jera da kyau. Na ɗauki ɗaya na kai hancina. Shekara da shekaru ina cikin buhunan hatsi, na san warinsu. Wannan ƙamshin sabon sabulu yake.

"Ka gani?" in ji ta. "Ba komai."

Na ce e, na gani. Na ajiye buhun, na fita na nemo kafinta, na tsaya a kansa har ya cire ƙofar da katakon duka. Tsohuwa na zaune a bakin murhunta tana kallo. Da ya gama ta zuba mini koko a ƙoƙo, ta sa sukari da yawa, ta miƙo mini, na karɓa na sha.